Jan Fenti a Bangon Zaurena

Litinin, 5 ga Mayu, bayan azahar

Yau ma'aikatan ofishin tsara gari suka shigo lungunmu a nan Birni, su uku, da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Wai wani ne ya rubuta musu takarda babu suna, ya kai ƙarar rumfar da maƙwabcina Bukar ya kafa a bakin ƙofarsa saboda ragunan da yake kiwo. Ko ma wane ne, ya iya Faransanci, haka na ji shugabansu yana faɗa. Shugaban nasu Mansur ne, ɗalibina a lakkol, makarantar boko, shekara talatin da suka wuce, yaron da ko da rula bai iya jan layi madaidaici ba. Yau shi ke auna gari. Ikon Allah ke nan.

Suka auna, suka ce rumfar ta ci lungu, suka shafa mata fenti. Bukar ya tsallako wurina hankali a tashe, tunda ni ke rubuta wa mutanen lungun nan takardun ofis tun da na ajiye alli. Ya tambaye ni ko akwai wata hanya. Na ce masa doka doka ce, Bukar, ba ta san sabo ba. Cikin tausayi na faɗa masa, don rana ɗaya aka yi mana kaciya ni da shi.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Juma'ar da ta wuce ba. Abin da zan ce kawai shi ne, mutum mai shekara sittin da bakwai yana da haƙƙin ya sunkuya ya ɗauki butarsa a ƙofar gidansa ba tare da ya waiwaya baya ba. Kuma rago irin Komanda na Bukar bai kamata a bar shi da doguwar igiya ba. Kuma mutanen da ke dawowa daga masallaci ba dariya aka aike su yi ba.

Har yanzu a kan matashi nake zama.

Laraba, 7 ga Mayu, hantsi

Bukar ya kwance rumfarsa da hannunsa jiya. Ragunan shida an zuba su a bayan mota an kai su Droum wurin ƙanensa. Komanda ne na ƙarshen shiga, sai da ya juyo ya dube ni. Ni ma na dube shi.

Lungu ya yi tsit. Na sha shayina a kan dakali, babu wari, babu ƙuda. Sha tara bisa ashirin na ba wa safiyar nan.

Matata Zainaba ce ta rage min makin guda. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba, ta tambaye ni ina ambulan ɗin nan fari da ya daɗe a kan akwatina. Na ce ɓeraye. Ta ce lallai ɓerayen gidan nan sun yi lakkol. Shekara arba'in da aure, har yau matar nan ba ta koyi barin magana ta wuce ba.

Mansur ya biyo ya gaishe ni, ya ce gobe za su dawo, don takardar ta roƙi a auna lungun tun daga bakinsa har ƙarshensa, kada a ɗaga wa kowa ƙafa. Na ce masa wani lokaci mai rubutu yakan ƙara jimla ne kawai don takarda ta yi daɗin karatu, ba lallai a bi ta ba. Ya ce su dai abin da aka rubuta suke bi, kamar yadda na koya musu.

Alhamis, 8 ga Mayu, la'asar

Sun shafa wa zaurena jan fenti.

Alhamis, kafin magariba

Ban damu ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Santimetir saba'in. Wai bangon zaurena, daidai kwanar da lungu ya lanƙwasa, ya shiga hanya da santimetir saba'in a kan layin da ke cikin taswirarsu. Zauren da aka gina tun ba a haifi mai taswirar ba. An ba ni kwana talatin, in ja bangon baya ko su zo su ja shi da kansu.

Bangon ƙasa ba labule ba ne da za a ja shi baya. In an taɓa shi azara ta sauko, zaure ya tafi gaba ɗaya.

Bari in rubuta wannan sau ɗaya, don ba zan iya faɗa wa kowa da baki ba. Babana magini ne, shi ya ɗora kowane tubali na zauren nan. Shekarar da na ci jarrabawar zama malamin lakkol ya sake yaɓe fuskar bangon, ya yi mata zayyana da yatsunsa, a tsakiya ya fitar da buɗaɗɗen littafi da alƙalami, shi da bai taɓa karanta harafin boko ko ɗaya ba. Shi ne aikinsa na ƙarshe. In ka matsa kusa har yau za ka ga sawun babban yatsansa a gefen littafin. A kan littafin nan fentin ya sauka, ba da gangan ba, nan ne kawai hannun mai shafawa ya kai. Da na gani sai na zauna a kan dakali.

Zainaba ta kawo fura ta ajiye ta koma ciki. Na fi son ta yi magana.

Litinin, 12 ga Mayu, azahar

Na sa babbar riga na je ofishin. Mansur ya tashi ya ba ni kujerarsa, yana ta Mushe, Mushe, yadda ake kiran malamin lakkol da Faransanci. Ladabi dai yana da shi, ba a hana shi wannan.

Ashe akwai hanya. Sunanta derogasiyo. Ya ce izini ne na musamman da ake ba mai gida ya saɓa wa ƙa'ida a wuri guda ɗaya, ƙa'idar kuma tana nan a kan kowa. Ba roƙo ba ne, ba kuma sanayya ba, sai ka cika sharaɗi uku. Na ɗaya, ka nuna matsalar daga yanayin wurin ta zo, ba haɗamarka ce ta jawo ta ba. Na biyu, ka nuna barin ginin ba zai cuci masu wucewa ba. Na uku, a tambayi maƙwabta: za a manna sanarwa, a ajiye babban kaye, wato littafin rajista, a wurin Mai Unguwa kwana goma sha biyar, duk mai magana ya je a rubuta. Maƙwabcin da ke fuskantar bangon kuwa, shi sai ya sa hannu ya ce ya yarda. Daga nan komisiyo, wato kwamitin hukuma, ta zo ta gani da idonta. In an bayar, izinin gidan yake bi, ko bayan raina yana nan.

Na tambaye shi, cikin muryar da nake tambayar darasi, don me bai gaya wa Bukar wannan hanya ba. Ya ce ai ya gaya masa akwai abin da ake nema a rubuce, ya je ya samu wanda ya san takarda. Bukar ya tafi ya dawo ya ce masanin nasa ya ce doka doka ce.

Na ce zafin bana ya yi yawa. Ya ce ƙwarai kuwa.

Maƙwabcin da ke fuskantar bangona mutum ɗaya ne a duniya.

Laraba, 14 ga Mayu, hantsi

Na haɗa dosiye, wato duk takardun da ake nema. Takardar neman izinin shafi huɗu ce, ban taɓa rubuta wadda ta kai ta kyau ba sai guda ɗaya, ita kuma ba zan iya nuna wa kowa ba.

Takardar gidan ce ta ba ni wahala. Da ajami aka rubuta ta zamanin babana, ta ce iyakar gidan daga tsamiya zuwa rijiyar Nomau. Tsamiyar iska ta kayar da ita ina saurayi, rijiyar an cike ta, Nomau kuwa jikokinsa ma sun yi furfura. Mai Unguwa ya rubuta shaida cewa tun da ya buɗe ido zauren a nan yake, Mansur ya karɓa. Sharaɗi na ɗaya ya wuce.

An manna sanarwar a bangona, ƙasa da fentin. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya kira ni in karanta masa, tunda ni ke karanta wa lungun takarda. Yau sau tara na karanta wa mutane cewa duk mai ƙorafi a kaina ya garzaya wurin Mai Unguwa.

Asabar, 17 ga Mayu, safe

Na fara gaishe da mutane. Ba wai da ba na gaisuwa ba, amma yanzu har lafiyar awaki nake tambaya. Na je barkar suna biyu, na je duba marar lafiya wanda ashe tun watan jiya ya warke. Mai wankin hula da na taɓa ce wa aikinsa shida bisa ashirin, yau na kai masa huluna uku masu tsabta.

Zainaba ta ce in rage, mutane sun fara tambayarta ko takara zan tsaya.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan la'asar

Na sa Zainaba ta yi dambu da zogale, ta kai gidan Bukar da kanta. Kwanon ya dawo a wanke, a rufe. Da na buɗe sai na tarar da dusa cike da shi, irin wadda ake ba raguna.

Zainaba ta ce matar Bukar ta ce ragowa ce, ba su da abin ba wa yanzu, ko muna da bukata.

Ban damu ba.

Talata, 20 ga Mayu, azahar

Na bi ta wurin Mai Unguwa kamar hanya ce ta biyo da ni. Kayen yana kan tabarma, na ɗaga bangonsa da ɗan yatsa. Fari fat. Ba wanda ya rubuta ƙorafi, ba wanda ya rubuta yabo. Mai Unguwa ya ce mutane sun zo, amma duk sun ce sai sun ji abin da Bukar zai ce, tunda shi aka fara taɓawa.

Ya ƙara da cewa shi abin da ke ba shi mamaki, wane ne a lungun nan zai iya rubuta takarda da Faransanci har ofis ta tashi mutum uku. Na ce watakila baƙo ne. Ya ce watakila, yana kallon hulata.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Na je wurin Bukar. Tsakanin ƙofata da tasa taku biyar ne, na yi su a cikin kwana goma.

Yana zaune a inda rumfar take da, rana tana dukansa, ramukan turakun suna nan ba a cike ba. Ya shimfiɗa min buzu. Muka yi maganar zafi, muka yi maganar ko ruwa zai sauka da wuri, muka yi maganar ciwon gwiwa. Takardar yardar tana cikin aljihuna har ta jiƙe da gumi.

Na tambayi lafiyar ragunan, don ladabi. Ya ce biyar suna nan, amma Komanda ya ƙi cin abinci tun da aka kai shi, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Ya ce tun yana ɗan kwana uku uwarsa ta mutu, da hannunsa ya shayar da shi, bai saba kwana inda ba ya jin tarinsa ba. Da ya faɗi haka sai ya juya fuska yana gyara hula. Ban taɓa sanin abin ya kai nan ba. Ni dai rago na gani mai mugun hali.

Na tashi ban fito da takardar ba. Ya rako ni taku biyu, rabin hanya ke nan.

Juma'a, 23 ga Mayu, hantsi

Wanda ya rubuta takardar nan bai kyauta ba. Hujjarsa tana da ƙarfi, rubutunsa ba laifi, amma bai kyauta ba.

Litinin, 26 ga Mayu, safe

Hadari ya haɗu jiya ya watse. Na tsaya ina kallon bangon. Kowace shekara kafin damina nake kiran magini ya gyara yaɓen, bana ban sani ba ko in kira mai gyara ko mai rushewa.

Zainaba ta ce min, Mushe, taku biyar ne fa, kuma kalma uku ce. Na ce wace kalma uku. Ta ce ni ne malami, in ƙirga.

Alhamis, 29 ga Mayu, bayan azahar

An rufe kaye jiya, babu ko ɗigon tawada a ciki. Yau komisiyo ta zo: Mansur, da wata Madam Sa'a wadda ita ce shugaba, da wani jami'in 'yan kwana-kwana. A bakin babbar hanya suka bar motarsu suka tako, yashi yana cika musu takalma.

Madam Sa'a mace ce mai gajeriyar magana. Ta ce an sa ƙa'idar faɗin hanya ne don motar kashe gobara ta samu wucewa. Jami'in ya dubi lungun ya ce motarsu ko bakinsa ba za ta shiga ba, ko an rushe zaure goma, da tiyo suke shigowa irin waɗannan wurare. Na ji sanyi a raina. Sai Madam ta ce to, duk da haka sai an tabbatar bangon bai tare wa jama'a hanya ba. Ta tambayi Mai Unguwa mene ne abu mafi girma da dole ya bi ta lungun nan.

Mai Unguwa bai yi dogon tunani ba ya ce makara. Ya ce haka magabata suke auna lungu a unguwar nan: in makara da mutum huɗu ta sha kwana ba a karkata mamaci ba, lungu ya yi, in ba ta sha ba a rushe abin da ya tare. Madam ta ce wannan awo ya fi igiyarsu ma'ana, a gwada ranar Litinin a gabanta.

Aka ce a zagaya da ita babu kowa a ciki. Jami'in ya ce a'a, makarar da ba kowa ana iya kifa ta a gefe ta wuce ko'ina, sai da nauyi. Aka ce a sa buhun hatsi. Liman, wanda ya fito kallo, ya ce ba a ɗora abinci a makara. Aka tambaye shi mai rai fa, ya ce bai ga hani ba, wa'azi ne ma. Sai kowa ya shiga duban ƙasa.

Daga bayan ƙyaure na ji muryar da na sani shekara arba'in tana cewa ai mai zaure yana nan, kuma tsawonsa daidai ne.

Asabar, 31 ga Mayu, la'asar

Labari ya kai har kasuwa. Mai nama ya ce min Allah ya sa a dawo lafiya.

Lahadi, 1 ga Yuni, hantsi

Ban damu ba. Na yanke farce, na yi aski, ban san dalili ba. Na ce wa Zainaba in wani abu ya faru, littafin nan a ƙona shi ba a buɗe ba. Ta ce ta riga ta karanta har ranar Alhamis, rubutuna ya fara lalacewa.

Litinin, 2 ga Yuni, bayan la'asar

Zan rubuta yadda abin ya faru daki-daki.

Da hantsi aka ɗauko makarar daga masallaci aka ajiye a ƙofar gidana. Lungu ya cika, har kan katanga mata sun leƙo. Na cire takalmi na shiga na kwanta. Ƙarfen ya sha rana, amma ba shi ne ya sa ni gumi ba. Mai Unguwa ya nemi mutum huɗu, uku suka fito. Saura ɗaya. Sai na ji takun da na sani, Bukar ya zo ya kama gaba ta hannun dama, daidai kaina.

Suka ɗaga. Wanda bai taɓa kwanciya a nan ba ba zai gane ba. Ba ka ganin kowa, sama kawai da bakin indararo da zankwayen gidaje suna wucewa, kana jin numfashin mutanen da ke ɗauke da kai, kuma ba ka da ta cewa a kan inda za su nufa. Duk makin da na raba wa mutane a rayuwata bai hana ni zama kaya ba.

Muka iso kwanar. Na ga littafin babana ya zo daidai fuskata, da fentin a kansa, da sawun yatsan. Sai ƙafar makarar ta baya ta daki bango. Suka ja baya, suka sake gwadawa, ta sake dukansa. Ƙasa ta zubo min a ido. Na ji Madam tana cewa Mansur ya rubuta. Bukar kuwa ya tsaya cak, bai matsa ko taku ɗaya ba.

Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe da kansa. Na ce a hankali, yadda shi kaɗai zai ji:

"Bukar, ni ne."

Ya ce, "Kai ne wa? Mamaci ba ya magana."

Na ce, "Ni na rubuta takardar. Ka yafe min."

Ashe a cikin makara murya tana fita fiye da yadda mutum yake zato. Lungu gaba ɗaya ya ɗauka, har matan kan katanga. Na jira salati, sai na ji dariya, irin ta ranar Juma'ar nan, har makarar tana girgiza. Bukar ya ce ai tun ranar farko Mansur ya karanta musu takardar a gaban Mai Unguwa, kuma a cikinta an rubuta cewa ragon ya tunkuyi wani dattijo mai daraja, tsohon malamin lakkol wanda ya ilmantar da rabin garin nan. Ya ce su dai mutum ɗaya suka sani da ke faɗin haka.

"Wata guda muna jira ka faɗa da bakinka, Suma'ila," in ji shi. "Ban zaci sai an ɗauko ka a makara ba."

Daga nan ya ce wa na bayansa su riƙe da kyau. Ya taka gefe, ya shiga daidai filin da rumfarsa take da, ya tsallake ramukan turakun, ya juyo da kan makarar ta can. Ƙafar ta kuɓuce daga bango, muka sha kwana sumul, ko hulata ba ta motsa ba. Yana tafiya yana cewa ta nan aka fitar da babana, shi ne ya kama gaba a ranar, tun kafin ya kafa rumfa, kuma an daɗe ba a yi rashi a ƙuryar lungun ba har ya manta da wannan, da ya tuna da bai kafa ta a nan ba.

Da aka sauke ni na kasa tashi, sai da ya miƙo min hannu. Na ce ƙasa ce ta shiga min ido. Gaskiya ne kuma, da farko.

Talata, 3 ga Yuni, azahar

Komisiyo ta ce za ta ba da izinin, amma da sharaɗi: tunda makara ba ta wucewa sai an taka filin ƙofar Bukar, dole filin ya zauna a buɗe har abada, ba rumfa, ba turke. Wato zaurena zai tsaya ne a kan filin da na sa aka raba shi da shi. Kuma sai ya sa hannu a kan haka.

Na je da takardar, wannan karon na fito da ita. Na karanta masa kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba, har na gaya masa in ya ƙi bai yi laifi ba, ni ma da ni ne da sai na yi tunani. Ya ce zai sa hannu, amma shi ma yana da nasa sharaɗin. Biyar ɗin za su zauna a Droum har a sayar. Komanda kuwa gida zai dawo, kuma tunda ba shi da rumfa, ga zaure can mai sanyi, mai kaurin bango, wanda hukuma da kanta ta ce kada a taɓa.

Na ce zan tambayi Mansur ko ƙa'ida ta yarda a ajiye dabba a zaure. Mansur ya ce abin da ke cikin gida ba ruwan ofishinsu da shi. Yaron nan tun yana aji bai taɓa ba ni amsar da nake so ba.

Bukar ya dangwala yatsa. Ni na riƙe masa takardar.

Alhamis, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Izini ya fito, da hatimi biyu. Na kira magini ya kankare fentin a hankali, littafin ya fito, sawun yatsan yana nan.

Komanda ya iso da azahar. Ya rame ƙwarai, amma ƙahonnin ba su rame ba. An ɗaure shi a cikin zaure, a inda babana yake shimfiɗa buzunsa. Ni na koma dakali. In zan shiga gida sai in bi jikin bango ina fuskantarsa, butata kuma na daina ajiye ta a ƙasa.

Na yi lissafi, Layya saura kwana biyu. Rago kamar wannan ba zai rasa mai saye ba. Mutum yana iya haƙurin kwana biyu.

Litinin, bayan Layya, hantsi

Ba a sayar da Komanda ba. Bukar ya ce wane ne ya ce min na sayarwa ne, ai na iri ne, irinsu sukan yi shekara goma. Ya tuna min kuma cewa ni na karanta masa da bakina, izini gidan yake bi, ko bayan ranmu yana nan.

Yanzu kullum da safe Bukar yakan tsallako da shayinsa mu zauna a dakali, shi yana tari, ragon yana amsa masa daga ciki. Ya fara cin abinci. Jiya na ga kwanonsa ba komai, Bukar kuma ya tafi gaisuwar Sallah, sai na tuna da dusar nan da aka aiko mana. Na zuba masa, daga nesa.

Zainaba ta gan ni. Ta ce sha biyu bisa ashirin, sauran takwas ɗin sai ranar da na iya juya masa baya.